Jagorar karatun ahya ga 'yan sanawi: daga zurri'ar hilu-mur zuwa takardar shahada

Duk shekara, ranar da na fara haɗuwa da sababbin ɗalibai, akwai tambayar da nake yi musu kafin a buɗe littafi. Nakan ce: in Sha'aban ya kama, me ya sa iyayenku mata suke jiƙa dawa, su shimfiɗa ta a inuwa su rufe da buhu, suna yayyafa mata ruwa har ta tsira ta zama zurri'a, sannan su shanya su niƙa su yi hilu-mur, abin shan nan na azumi? Me ya hana su niƙa ta haka nan? Sai aji ya yi tsit. Yaron da zai karanto maka ma'anar inzim da Larabci ba gargada, kamar yana biya allonsa, shi ne farkon sunkuyar da kai. Alhali amsar tana cikin abin da ya haddace ɗin. Ƙwayar dawa in ta fara tsira takan fitar da inzim mai suna amilez, shi ke farfasa sitaci ya mai da shi sukari, daga nan zaƙin ya samu. Tsamin kuwa aikin ƙananan halittu ne da suka kwana a cikin ƙullun.

Mu da muka tashi da Hausa a gida a nan Sudan, ko a Mai Wurno ne, ko Gadarif, ko Kassala, ko Damazin, ko ƙauyukan Jazira, muna ɗauke da wani nauyi a wannan darasi na ahya, wato ilimin halittu. Littafi da Larabci, sunayen halittu da Latin, tunani kuma da Hausa. Sai ka ga abin da yaro ya sani daga gona da madafi yana ɗaki ɗaya a kansa, na littafi yana wani ɗakin, babu ƙofa tsakaninsu. Abin da zan bi da kai a nan shi ne yadda ake fasa wannan ƙofa. Zan riƙa cewa "kai", amma ke ma 'yata da ke nake, kuma a ajujuwan da na koyar sau da yawa ku ne a gaba.

Ka fara sanin abin da ka shiga

Ahya shi ne ilimin halittu masu rai, tun daga ƙwayar cutar da ido ba ya gani har zuwa bishiyar kuka. Sanawi, wato babbar sakandare, shekara 3 ce. A shekarar ƙarshe, wanda ya bi ɓangaren ilmi, wato na sayans, zai zaɓi darasi ɗaya ya haɗa da fiziya da kimiya da lissafi: ko ahya, ko ilimin injiniya, ko na kwamfuta. Mai son likitanci, ko harhaɗa magunguna, ko jinya, ko aikin gwaje-gwajen asibiti, ko likitan dabbobi, ahya ce hanyarsa. Nisba, wato kason maki cikin ɗari da za ka shiga jami'a da shi, daga darussa 7 ake fitar da ita, saboda haka maki goma da ka zubar a ahya sun isa su raba ka da kwalejin da kake mafarki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ce ai sai aji uku zai dage, tunda a nan ne shahada, wato imtihanin gama sanawi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai san ƙwayar halitta a aji ɗaya ba, in ya zo babin gado a aji uku zai zama kamar wanda aka ba wasiƙa da harshen da bai iya ba.

Littafin wizara, wanda cibiyar manhaja ta Bakht al-Ruda ke shiryawa, shi ne tuwon. Muzakkirori, wato taƙaitattun bayanan darasi, da ake sayarwa a bakin makarantu da waɗanda ake turawa a WhatsApp miya ce kawai. Akwai masu kyau a cikinsu, ban musa ba, amma tambayar shahada daga littafi take fitowa, wani lokaci ma daga rubutun da ke ƙarƙashin hoto, wanda mai muzakkira ya tsallake don ya rage takarda. Ranar da littafi ya zo hannunka ka karanta fihirisarsa tsaf, ka kwafe ta a bangon kurrasinka, wato littafin rubutunka, duk babin da aka gama ka sa masa alama.

Abin da ustaz yake nema a wurinka bai da yawa: ka zo hissa, wato lokacin darasi, ka karanta darasin gobe yau ko da sama-sama ne, ka zo da fensir da rula, in ba ka gane ba ka ɗaga hannu. Ni dai na fi son tambayar da aji zai yi wa dariya a kan shirun da zai fito fili ranar imtihani.

Kurrasi mai gida uku

Ban da kurrasin da kake rubuta darasi, ka nemi wani daban. Ka ja layi biyu a kowane shafi, ya zama gida uku. Gidan farko kalmar littafi da Larabci, daidai yadda take, har da sunanta na Latin in an bayar. Gida na biyu bayani da Hausarka, irin wanda za ka yi wa ƙanenka ɗan shekara goma. Gida na uku kuma wani abu da ka taɓa gani da idonka wanda kalmar ta shafa.

Gida na biyu shi ne ma'auni. In ka kasa faɗin abu da Hausa, to ba ka gane shi ba, haddace shi ka yi. Hadda ba laifi ba ce, mu da muka fito makarantar allo mun fi kowa iya ta, kuma za ta yi maka rana wajen ma'anoni da sunaye. Sai dai a ahya ita ce ta ƙarshe, ba ta farko ba.

Ka kuma riƙa tona asalin kalmar. Ikhtizal ragewa ne, don haka rabuwar ƙwaya da ake kira ikhtizali ita ce mai rage kuromosom na ɗan Adam daga 46 zuwa 23. Manjal lauje ne, shi ya sa ake ce wa ciwon sikila anemiya manjaliyya, don ƙwayar jini na lanƙwashewa kamar lauje. Sunayen Latin ma kada su ba ka tsoro. Linnaeus, mutumin Suwidin, shi ya kafa tsarin suna biyu a littafinsa na tsirrai a 1753: na farko sunan dangi, da babban baƙi, na biyu sunan iri, da ƙaramin baƙi, in da hannu ka rubuta ka ja layi a ƙarƙashi. Ka fara da na gida. Dawa Sorghum bicolor, riɗi Sesamum indicum, karkade, wato yakuwarmu, Hibiscus sabdariffa, kuka da suke ce wa tabaldi Adansonia digitata. Wanda zai karanta likitanci zai gode wa kansa daga baya, domin can yawancin littattafan da waɗannan sunaye suke.

Haliyya

Komai a nan yake farawa, daga haliyya, wato ƙwayar halitta. A 1665 wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, ya yanki ɓawon itace siriri ya duba a madubin ƙara girma, ya ga 'yan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Sai a 1838 da 1839 Schleiden da Schwann suka tabbatar cewa tsiro da dabba duk da waɗannan ɗakuna aka gina su, a 1855 kuma Virchow ya ƙara da cewa kowace ƙwaya daga wata ƙwaya take fitowa. Shekarun nan ukun kan zo a tambaya, ka riƙe su.

Sassan ƙwaya kada ka haddace su a jere, ka haddace kowanne da aikinsa. Nawat ce mai riƙe da umarni da kayan gado. Mitokondiriya murhu ce, a nan ake ƙona sukari a samu ƙarfi, shi ya sa ta fi yawa a tsoka. Ribosom ke haɗa furotin. Ƙwayar tsiro ta fi ta dabba da abu uku da ake yawan tambaya: bango mai tauri na selulos, koren kwanso mai kama hasken rana, da babbar jakar ruwa a tsakiya.

Makarantu da yawa ba su da ma'amal, wato ɗakin gwaje-gwaje, wasu ma da suke da shi yaƙi ya watsa kayan. Kada wannan ya zama hujja, gani ya kori ji ko a madafin gida ne. Ka samo dankalin turawa biyu, ka dafa ɗaya ka bar ɗaya ɗanye. Ka raba kowanne biyu, ka ƙwaƙule rami a tsakiya, ka fere gindin, ka zuba gishiri a ramin, ka ajiye su cikin faranti mai ɗan ruwa. Bayan awa biyu ramin ɗanyen zai cika da ruwa, na dafaffen kuwa ba wani abin kirki. Ruwa ya ratsa tantanin ƙwayoyi masu rai daga inda gishiri ya yi kaɗan zuwa inda ya yi yawa, wuta kuma ta lalata tantanin ɗayan. Usmuziyya ke nan gaba ɗayanta. Ita ce kake gani in an barbaɗa wa yankakken aswad, wato baƙin yalo, gishiri ya fara zufa, ita ce kuma ke sa shuka ta yi yaushi in an cika mata taki. Sharmut da weka ma, busasshen nama da busasshiyar kuɓewa, da suke wata da watanni ba su ruɓe ba, ruwan da ƙwayoyin ruɓa ke bukata ne rana ta ɗauke.

Babin yadda ganye ke haɗa abinci shi ma haka. Ka san abin da ke shiga: ruwa daga saiwa, iskar kabon-dayoksaid ta ƙananan ƙofofin ganye, da hasken rana. Ka san abin da ke fita: gulukos da oksijin. A lissafi, kabon-dayoksaid shida da ruwa shida ne ke ba da gulukos ɗaya da oksijin shida. In ka juya lissafin baya, ka samu numfashin ƙwaya, wanda tsiro da dabba duk suke yi dare da rana. Ɗalibai da yawa na rubuta cewa tsiro da dare kawai yake numfashi, kuma duk shekara sai wannan ya ci musu maki.

Zane

Wannan gajere ne amma kada ka raina shi. Zanen ahya ba na ado ba ne. Fensir mai tsini, zane babba da zai ci rabin shafi, layi ɗaya ba maimaitawa, ba a yin inuwa. Layukan da ke nuna sunaye da rula ake jan su, ba sa gittawa juna, kuma bakin layi ya taɓa ainihin abin da ake nufi. A sa take a ƙasa. Ƙwayar tsiro da ta dabba, tsagin fure, zuciya, nefron (matacin jini na cikin ƙoda), gaɓoɓin haihuwa, matakan rabuwar ƙwaya: kowanne ka zana shi kana kallo sau biyu, ka rufe littafi ka zana na uku, sannan ka buɗe ka gyara da jan biro. Inda jan biro ya taru, nan ne rauninka.

Jikinka ne littafi na biyu

Babukan narkewar abinci, jini, numfashi da fitar da ƙazanta sun fi sauƙi, don kana tafe da misalinsu. Ka tauna guntun kisra ko gurasa ka daɗe ba ka haɗiye ba, za ka ji ɗan zaƙi: amilez ɗin yawu ne, ɗan'uwan na zurri'a. Ka sa yatsa biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugu na minti ɗaya, ka yi gudu ka sake ƙirgawa, sannan ka tambayi kanka me tsoka take nema da zuciya ta ƙara sauri.

Ƙoda kuwa azumi ne malaminta. Kowace ƙoda na da nefron kusan miliyan ɗaya. Su biyun suna tace kimanin lita 180 a yini, amma abin da ke fita fitsari bai wuce lita ɗaya da rabi ba, sauran duk jiki ke mayarwa. In la'asar ta yi a watan azumi, cikin zafin Gadarif, fitsari kan ragu ya yi duhu. Dalili shi ne jini ya yi kauri, sai wata 'yar ƙullutuwa a ƙasan ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin ADH, shi kuma ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa. Wanda ya iya ba da wannan labari da bakinsa ya gama da babin, saura kalmomin Larabci.

Babin da ake jin kunya

Takasur, wato hayayyafa, yana cikin manyan babukan shekarar shahada. Ɓangaren tsirrai ba matsala. Raken da ake shukawa a Kenana da Sinnar gaɓarsa ake binnewa, ayaba 'ya'yan gindinta ake dasawa, albasa daga kanta take tohowa, mangwaro da lemo ana yi musu aure da reshen wata bishiya mai kyau. Duk waɗannan hayayyafa ce ba tare da haɗuwar namiji da mace ba, kuma abin da aka samu kwafin uwar ne sak. Amfaninsa sauri da tabbacin iri, illarsa kuma cuta ɗaya na iya share gona duka tunda babu bambanci a tsakaninsu. Dabino kuwa akwai bishiya namiji akwai mace, shi ya sa manoman Dongola ke hawa su ɗaura zangarniyar namiji a cikin furen mace. A furen tsiro ka kula da abu ɗaya da ake son tambaya: ƙwayoyin namiji biyu ne ke shiga, ɗaya ta haɗu da ƙwai ta zama ɗan tsiro, ɗaya ta haɗu da nawat biyu na tsakiya a samu guzurin da zai ci. Wannan guzuri shi ne garin da muke tuƙa tuwo da shi.

Inda ake samun cikas shi ne in aka zo kan ɗan Adam. Na ga ɗalibai masu ƙoƙari da suka tsallake shafukan nan ɗungurungum, wai kunya. Na ga ustazan da ke karanta su da sauri kamar ana korarsu. Kunya ado ce, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Malamanmu na zaure sun karantar da hukuncin haila da biƙi da balaga a littattafan fiƙihu tun kaka da kakanni, ba wanda ya ce sun yi rashin ta ido. Ka karanta shi da wannan natsuwar. Ka ja layi mai kwana 28, ka sa fitar ƙwai a wajen kwana na 14, sannan ka bi sinadarai huɗu ɗaya bayan ɗaya: FSH mai nunar da ƙwai, istirojin mai gina shimfiɗar mahaifa, LH mai sakin ƙwan, furojestaron mai riƙe shimfiɗar. In ciki bai shiga ba na ƙarshen ya sauka, shimfiɗa ta zube. In tambaya a aji ta yi miki nauyi, 'yata, ki rubuta a takarda ki miƙa, ko ki sami ustaza bayan hissa.

Wirasa: a nan ake rabuwa

Babin gado shi ne wanda hadda ba ta ceton kowa a cikinsa, domin lissafi ne. Shi ne kuma wanda in ka kama kansa makinsa ya fi tabbas.

Gregor Mendel, wani limamin kirista a garin Brno, ya yi shekaru daga 1856 zuwa 1863 yana aurar da tsiron bisilla, wani irin wake, a lambu yana ƙirga 'ya'yan. Ya fitar da sakamakon a 1866, ba wanda ya kula, sai a 1900 aka tono aikin. Siffofi 7 ya bi. Da ya haɗa dogon tsiro da gajere, zuriyar farko duk dogaye suka fito. Da ya bar su suka auri kansu, sai ga dogaye 787, gajeru 277. Ka raba ka gani, kusan 3 ne a kan 1. Gajarta ba ta ɓace ba, ɓuya ta yi. Mu ma mun san wannan tun kafin littafi: yaro ya fito bai yi kama da uwa ko uba ba, sai tsohuwa ta dube shi ta ce ai kakansa ne ya dawo.

Kowace mas'ala ka bi ta da tsari ɗaya, kada ka tsallake ko da amsar ta bayyana gare ka, don ana ba da maki a kan matakai. Da farko ka zaɓi baƙi ka faɗi ma'anarsa: babba ga siffa mai rinjaye, sa'ida, ƙarami ga mai ɓuya, mutanahhiya. Sai ka rubuta iyaye, kowanne da baƙi biyu. Sai ka fitar da amshaj, wato ƙwayoyin haihuwa (guda ɗaya mashij), kowanne baƙi ɗaya, ka zagaye shi. A nan aka fi faɗuwa, ɗalibi ya sa baƙi biyu na siffa ɗaya a cikin mashij guda, ya manta rabuwar ikhtizali ta riga ta raba su. Sai ka ja murabba'i, wato akwati mai gidaje, ka haɗa. A ƙarshe ka rubuta nisba iri biyu, ta abin da ke ciki da ta abin da ido ke gani. Tt da Tt za su ba ka 1:2:1 a ciki, 3:1 a waje. In siffa biyu ce a lokaci ɗaya, gidaje 16 ne, nisbar waje kuma 9:3:3:1.

Yanzu ka ɗauko abin da ya shafe mu kai tsaye. Sikila, wadda tsofaffi ke kira amosanin jini, tana da yawa a cikin jama'armu, kuma auren zumunci na ƙara haɗa masu ɗauke da ita. Asalinta canjin baƙi ɗaya ne tak a jin, wato ƙwayar gado, da ke kan kuromosom na 11, wanda ya sa a gurbi na shida na sarƙar himogulobin aka samu balin maimakon gulutamik. Jar ƙwayar jini mai lafiya na yin kwana 120, mai lauje kuwa kwana 10 zuwa 20. Mai AS, wato wanda ya gaji jin lafiya A ɗaya da na sikila S ɗaya, lafiyarsa lau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa jin ɗin ya yawaita a ƙasashen sauro. To ka haɗa AS da AS a murabba'i: AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya. Sai dai ka lura da kyau, wannan ɗaya cikin huɗu ba yana nufin in an haifi huɗu ɗaya ne zai kamu ba. Kowane ciki ƙuri'arsa sabuwa ce. Ana iya haifar uku a jere duk SS, ana iya haifar shida ba ko ɗaya. Na taɓa gama wannan hissa wata ɗaliba ta tsaya bayan kowa ya fita, ta ce yanzu ta gane abin da ke damun ƙannenta biyu, kuma ba wanda ya yi musu asiri. Tun daga ranar nake ba wa wannan darasi hissa biyu.

Haka batun namiji da mace. Ƙwan uwa kullum X yake ɗauke da shi, maniyyin uba ne ke zuwa da X ko Y. Matar da ake yi wa gori don ta jera 'ya'ya mata ba ta da hannu a ciki. Makantar launi da ciwon rashin tsayawar jini a kan X suke, shi ya sa suka fi kama maza, kuma ta wajen uwa suke zuwa. Rukunin jini da Landsteiner ya gano a 1901 shi ma yana da tarko: uba A, uwa B, suna iya haifar ɗa mai O in kowannensu na ɓoye da O. Ka gwada a murabba'i, rukunai huɗu duk za su fito.

DNA kuwa, wanda Watson da Crick suka bayyana siffarsa a 1953 bisa hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka, ka riƙe aurensa: A da T, G da C. Handasa wirasiyya, wato sarrafa kayan gado, ba labarin nesa ba ne. Insulin da masu ciwon sukari ke allura da shi bakteriya ce ke yin sa bayan an dasa mata jin ɗin mutum, audugar Bt mai kashe tsutsa kuwa tun 2012 ake noma ta a Sudan.

Tur'a, sauro da gona

Zagayen rayuwar ƙwayoyin cuta da'ira ake zana shi, ba a jera shi. Ka ɗauki tsargiya, wadda Theodor Bilharz ya gano tsutsarta a Alƙahira a 1851. Tun da aka gama dam ɗin Sinnar a 1925 aka shimfiɗa tur'o'in Jazira, wato magudanan ban ruwa, ruwa mai tafiya a hankali ya zama gidan katantanwa. Ƙwai na fita da fitsari ko bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga katantanwa ya hayayyafa, ya fito da wutsiya ya huda fatar mai wanka ko mai ban ruwa a hawasha, wato gonarsa. In ka zana da'irar, ka tambayi kanka a ina za a iya yanke ta. Duk inda ka sa almakashi, amsa ce ta tambayar rigakafi.

Maleriya ma haka: macen sauro Anofilis, hanta, jajayen ƙwayoyin jini, su fashe zazzaɓi ya taso. Auren ƙwayar cutar a cikin sauro yake faruwa, ba a jikin mutum ba, kuma masu tambaya na son wannan. 'Yan Gadarif kuma ba sai an gaya muku kala-azar ba, mai kumbura saifa, wanda ɗan mitsitsin ƙudan yashi ke yaɗawa a yankunan baƙar ƙasa mai tsagewa inda talha da aduwa suka yi yawa.

Babin bi'a, wato muhalli, a gona ake karanta shi. Ka tuge gyaɗa ka duba saiwarta, za ka ga ƙulle-ƙulle, ka fasa ɗaya, in cikinsa ja-ja ne bakteriyar Rizobiyum na aiki, tana kamo naitirojin daga iska tana ba shuka. Kowa ya ci riba, shi ya sa ake juya gyaɗa da dawa a fili ɗaya. Ƙuduji, wanda ake ce wa buda, shi cuta yake yi, ya maƙale saiwar dawa yana tsotsa. Miskit kuwa kawo shi aka yi don tare hamada, awaki suka ci 'ya'yansa suka watsa irin, yanzu ya cinye filayen noma a Gash da Tokar. A sarƙar abinci, dawa zuwa fara zuwa ƙadangare zuwa shaho, kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfi ne ke haurawa kowane mataki, shi ya sa fara ta fi shaho yawa.

Muraja'a (bita) da ranar imtihani

Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 karatu ya tsinke wa da yawa, har waɗanda ya kamata su zauna shahada a shekarar sai a ƙarshen Disambar 2024 suka samu zama. In kana cikin waɗanda suka yi gudun hijira ko suka yi shekara ba aji, kada ka fara daga babin da ajinku yake. Ka koma haliyya da rabuwar ƙwaya ka ba su mako biyu, sauran za su zo da sauƙi.

Darasin yau ka waiwaye shi yau da dare, sannan bayan kwana biyu, sannan bayan mako, sannan bayan wata. Waiwaye ba sake karantawa ba ne, rufe littafi ne ka faɗa ko ka zana. Bayan sallar asuba ya fi, ga sanyi ga haske ba sai an jira wuta ba. Ku haɗu ku uku, kada ku wuce haka don zai koma hira, kowa ya ɗauki babi ya koyar da sauran da Hausa, sannan ku rubuta amsa da Larabci.

In ya rage wata uku, ka koma kan takardun shahada na shekarun baya da na imtihanin tajribi, wato na gwaji, da agogo a gabanka. Ka koyi halin kalmar da ke buɗe tambaya. Arrif na son ma'anar littafi daidai, a nan haddarka za ta yi aiki. Uzkur na son jeri kawai. Ƙarin na son jadawali, abu da kishiyarsa a layi ɗaya. Allil na son dalili, amsar ta fara da "li'anna", kada ka maimaita tambayar da wasu kalmomi ka ɗauka ka amsa. Bakhra kuwa, wato takardar satar amsa, in aka kama ka da ita, shekararka ce ta tafi.

Ranar imtihani ka tafi da fensir biyu, da rula, da abin gogewa, da lambar zamanka. Ka karanta takardar duka kafin ka rubuta komai, ka fara da abin da ka fi sani, ka yi mas'alolin gado tun kanka bai gaji ba. In an ce ka ambaci uku, uku za ka ambata. Minti goma na ƙarshe ka koma kan zanuka ka duba ko kowane layi ya taɓa inda ya kamata, ka kuma tabbata ba ka bar bayan shafi ba ka juya ba.